500E, M5 E34, Alpina B10 Bi-Turbo ko RS2: wacce za ka zuba wa kuɗi ka ajiye?

Wani abokina da muka yi makaranta tare, yanzu yana aiki a kudancin Jamus kusa da Stuttgart, ya kira ni kwanakin baya wai ya ɗan tara abin da ya tara yana so ya sayi tsohuwar mota guda ɗaya ya ajiye, irin wadda ba a zuwa aiki da ita, sai dai ranar Lahadi in gari ya yi kyau a fito da ita a zaga a dawo a goge a rufe. Ya ce guda huɗu ne suka hana shi barci, Mercedes 500E, BMW M5 ta E34, Alpina B10 Bi-Turbo, sai Audi RS2. Na ce masa mutumina ai ka zo gidan sauƙi, ni wannan ciwon tun ina yaro nake fama da shi, aljihu ne dai bai ba da haɗin kai ba. Abin da na faɗa masa shi zan baje a nan, har da wanda ban samu na faɗa ba don katinsa ya ƙare.

Duk huɗun 'yan zamani ɗaya ne, tsakanin 1988 zuwa 1995, kuma abin da ya haɗa su shi ne aikin hannu. Kar wani ya ɗauka wai da guduma aka zauna aka ƙera su kamar a maƙera, a'a, galibi bodin daga babbar masana'anta yake fitowa kamar na kowace mota, sai a ɗauke shi a kai wani ƙaramin wuri inda mutane 'yan kaɗan za su zauna su ɗora inji da giya da birki da kujeru a tsanake, shi ya sa ba a yi su da yawa ba kuma shi ya sa yau masu tara motoci ke rububinsu. Akwai waɗanda suka fi su tsada nesa ba kusa ba, irin RUF CTR ta 1987 da ake ce wa Yellowbird wadda guda 29 kacal aka yi a garin Pfaffenhausen, ko AMG Hammer, amma waɗannan maganar miliyoyin daloli ce ko kusa da haka, mu bar wa masu abin abinsu.

Na fara da 500E don ita ce kowa zai gane. Wannan fa ita ce V-boot ɗin nan da muka sani, W124, wadda alhazai suka hau suka gaji, sai dai wannan kura ce da fatar akuya. A ƙarshen 1990 aka nuna ta a bikin motoci na Paris, aka ci gaba da yin ta har 1995, guda 10,479 gaba ɗaya. Injin V8 ne lita 5 mai suna M119 da aka ɗauko daga 500SL, ƙarfin doki 326 a na farko, daga baya aka ɗan rage zuwa 320 saboda dokar hayaƙi, kuma giyarta otomatik ce mai huɗu, babu wata mai giyar hannu da ta taɓa fitowa daga kamfani, duk wanda ya ce maka yana da ita to bakanike ne ya yi masa. Labarin yadda ake haɗa ta shi ne daɗin abin. Injiniyoyin Mercedes a lokacin sun duƙufa kan sabuwar S-Class, ga shi an faɗaɗa madigadin motar har ba ta iya bin layin haɗa motoci na masana'antar Mercedes da ke Sindelfingen kusa da Stuttgart, shi kuma Porsche a shekarun nan yana cikin matsin kuɗi yana neman aiki ido rufe, sai aka ba shi kwangila. Za a haɗa ƙarfen bodin a Zuffenhausen, unguwar da Porsche yake a Stuttgart, a loda a babbar mota a kai Sindelfingen a yi fenti, a sake dawo da ita Zuffenhausen a sa inji da komai, sannan a ƙara mayar da ita Mercedes su duba na ƙarshe, kwana 18 mota ɗaya take ci tana wannan safa da marwa. Faɗinta ya fi na V-boot ta gama-gari da milimita 56, ta fi ta yin ƙasa da milimita 23, batir yana cikin but, kujerun baya guda biyu ne rabe da ɗan akwati a tsakiya don mutum huɗu kawai take ɗauka. In ka taka ta ba ta ihu, kawai sai ka ji an danna bayanka cikin kujera, wajen daƙiƙa 6 ta kai kilomita 100, a 250 kuma kwamfuta ta tare ta.

Ciwonta kuma sananne ne, babba shi ne wayarin. A farkon shekarun 1990 Mercedes ya yi amfani da wata irin robar rufe waya da aka yi don ta ruɓe da kanta in an jefar, to sai ta riƙa ruɓewa tun motar tana kan titi, zafin inji yana gasa ta. Na taɓa tsayawa a kan wata E420, ƙanwarta mai inji iri ɗaya amma lita 4.2, bakanike ya ɗan yanka baƙar rigar da ta naɗe damin wayar ya murza da yatsa biyu, wallahi sai ga robar tana zubowa kamar garin busasshiyar kuka, jan ƙarfen tsirara yana taɓa ɗan'uwansa, mai motar kuma yana gefe yana rantsuwa wai jiya lafiya lau ya taho da ita daga Kaduna. Irin wannan ke sa mota ta riƙa shaƙewa tana mutuwa a danja, wani lokaci ta ƙona kwamfutar inji. Akwai 'yar takarda manne a jikin damin wayar mai nuna lokacin da aka yi shi, in ka ga na baya-bayan nan ne to wani ya riga ya biya maka wannan kuɗin. Bayan shi sai na'urar totur mai lantarki da ita ma wayar cikinta ke yin haka, sai hular distirbuta guda biyu da ke tara raɓa in mota ta daɗe a ajiye, sai shokazoban baya masu aiki da mai. Duk ana gyarawa. Abin da ke da wuya shi ne kayan da nata ne ita kaɗai, madigadin gaba mai faɗin nan da bamba, in aka buge maka su za ka sha nema kuma za ka ji a jikinka.

M5 kuma wata duniya ce daban duk da girmansu kusan ɗaya. Ita daga Dingolfing ake kawo bodin da fentinsa, a kai Garching kusa da Munich inda sashen M na BMW, masu haɗa motocin gudu, yake, a haɗa da hannu cikin kusan mako biyu, kuma ita ce M5 ta ƙarshe da aka yi wa haka, wadda ta biyo ta E39 kan layi aka yi ta kamar sauran. Daga 1988 zuwa 1995 an yi 12,254, a ciki 891 ne masu dogon baya da suke kira Touring, waɗannan kam in ka ga ɗaya ka ga abin kallo. Injinta S38 mai fulogi shida a jere jikan injin tsohuwar motar gudu BMW M1 ne, kowace silinda da bakin shan iskarta, na farko lita 3.6 doki 315, na biyu lita 3.8 doki 340, giyar hannu ce zalla mai biyar, sai a 1994 aka koma mai shida. Wannan injin sai ka matsa masa yake nuna halinsa, a ƙasa-ƙasa ba wani abin a zo a gani, amma allurar juyin inji na haura 4,000 sai sauti ya canza ya zama wani irin kuka mai kaifi har kusan 7,000, wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Don haka in kai mai son tuƙi ne da gaske, kana son ƙafarka ta hagu ta yi aiki, maganar ta ƙare a nan. Amma fa injin tsere ne aka sa wa riga da hula, yana son a riƙa saita bawul ɗinsa lokaci-lokaci da hannu, yana son a bar shi ya ɗumama kafin a taka, in kuwa ya kai ga sai an sauke shi an yi masa gyaran gaba ɗaya to kuɗin zai iya sayen wata motar. Ga 3.8 kuma akwai shokazoba masu lantarki da ake kira EDC, tsada kamar me, samu kuma sai an yi da gaske, shi ya sa da yawa aka cire musu aka sa na gama-gari, wanda hakan ke rage darajar motar a idon masu tarawa. Ni a raina 3.6 ta fi kwanciyar hankali, mutane suna raina ta saboda doki 25 da aka fi ta, alhali ita ce mai sauƙin riƙo kuma mai sauƙin kuɗi.

Sai Alpina, wadda ita ce ke rikita mutane don a ido BMW ce sak. Kamfanin iyali ne a ƙaramin garin Buchloe a jihar Bavaria, Burkard Bovensiepen ya kafa shi a 1965, mahaifinsa injin tafireta yake ƙerawa da wannan sunan, shi kuma ɗan ya fara da sayar da kafireto biyu na ƙara wa BMW 1500 ƙarfi, har yau in ka duba tambarinsu za ka ga alamar hakan da karanshaf. Tun 1983 hukumar motocin Jamus ta amince da su a matsayin masu ƙera mota, wato a takarda ba BMW ba ce, Alpina ce. B10 Bi-Turbo a 1989 ta fito a bikin Geneva, sun ɗauki 535i, bodi ɗaya da M5 ɗin can, suka warware injin M30 lita 3.4 gaba ɗaya, suka sa fistin na Mahle, suka ɗaura turbo biyu na Garrett, ta fito da doki 360 da ƙarfin ja 520 Nm, gudunta ya haura kilomita 290 don su ba su sa mata takunkumin 250 ba, a zamaninta tana cikin mafi gudu a motoci masu ƙofa huɗu. Har wani ɗan maɓalli ne a ciki da direba zai murɗa ya rage ko ya ƙara matsin iskar turbo daga bar 0.4 zuwa 0.8. Guda 507 kacal aka yi zuwa 1994, aka tsaya don BMW ya daina yin injin M30 ɗin. Ka kwatanta 507 da dubu goma sha biyu ka ga inda maganar ƙaranci take. Ƙari a kan haka a 2022 BMW ya sayi sunan Alpina, yarjejeniyar da ke tsakaninsu da iyalin ta ƙare a ƙarshen 2025, shi kansa Bovensiepen ya rasu a 2023, don haka motocin da aka haɗa a Buchloe a ƙarƙashin tsohon sun zama abin da ba za a ƙara ba. In ajiya ce zalla ake magana, a sa a gareji a jira, gaskiya ita ce a gaba a cikin huɗun.

To amma riƙonta fa? Asalin M30 inji ne mai taurin rai, wannan ba gardama, sai dai duk abin da ya mayar da shi Bi-Turbo na Alpina ne su kaɗai, bututun hayaƙin da turbo ke zaune a kai, kwamfutar da ke sarrafa iska, giyar Getrag da aka yi domin ta, ba abin da za ka shiga shago ka ce a ba ka. Mota 507 ba ta isa ta sa wani ya buɗe masana'antar kayan gyara ba. Zafi ne abokin gabarta, kuma tana son fetur mai kyau sosai, in aka ba ta gurɓatacce aka taka to fistin ne zai biya. Sannan ba kullum ake samunta a kasuwa ba, kana iya shekara kana jira kafin mai kyau ta fito, in ta fito kuma ba kai kaɗai ka gani ba.

RS2 ba zan daɗe a kanta ba, ba don ba ta kai ba, sai don ita jinsinta daban. Audi 80 ce mai dogon baya, ƙarama a kan sauran ukun, Porsche ya haɗa ta a wannan ginin dai na Zuffenhausen da ake haɗa 500E, daga 1994 zuwa 1995, guda 2,891, ita ce ta fara ɗaukar sunan RS a gidan Audi. Fulogi biyar, lita 2.2 da turbo babba guda ɗaya, doki 315, giyar hannu mai shida, taya huɗu duk suna ja. Birki da wili da madubin gefe duk na Porsche ne, har sunan Porsche a rubuce a jikin birkin. Mujallar Autocar ta Ingila ta auna ta daga tsaye zuwa gudun mil 30 a awa cikin daƙiƙa 1.5, wanda ya fi na shahararriyar motar gudun nan McLaren F1, wannan labarin duk mai RS2 sai ya ba ka shi kafin ka zauna. Halinta shi ne ka taka shiru, shiru, kamar ba ta ji ba, sai wajen 3,500 turbo ya farka ta fizge ka gaba ɗaya. Bodinta an yi masa rufin da ke hana tsatsa don haka ta fi BMW biyun nan jure damina da dusar ƙanƙara, amma samun wadda matasa ba su taɓa kwamfutarta sun ƙara mata wuta ba shi ne aiki, kuma shuɗiyar nan da kowa ke so kuɗinta daban.

Yanzu abin da ya fi duk lissafin doki muhimmanci, jabu. Tunda duk huɗun daga motar gama-gari aka samo su, ba abin da ya fi sauƙi kamar a ɗauki ta gama-garin a yi mata kwalliya. Ni kaina an taɓa kai ni kallon wata a wani gareji a nan gida, dillali yana ta zuba wai 500E ce ta wani babban mutum da ya rasu, baƙa wul, an buɗa madigadi, an manna 500E a but, daga nesa har gabana ya faɗi. Na buɗe ƙofar baya sai na ga doguwar kujera ta mutum uku, na ɗaga but babu batir, na duƙa na goge lambar shasi da gefen rigata sai ga 124030, wato 300E ce aka yi wa ado. Na ce masa ranka ya daɗe wannan ai 300 ce, ya ce to ai duk V-boot ce Alhaji. Ta gaskiya lambarta WDB124036 take farawa, 124034 kuma 400E ce ko E420. M5 ta gaskiya da WBS take farawa ba WBA ba, RS2 da WAC. Alpina tana da lambar shasinta ta kanta ban da ta BMW, da ɗan allon ƙarfe a cikin mota mai lambar ta nawa ce a cikin 507, kuma ana iya tuntuɓar Buchloe su tabbatar, kar ka yarda da zanen layin gefe da wili mai ƙafa 20 kawai don waɗannan kowa na iya saye ya manna.

Tsatsa ita ce ta biyu, don a Jamus gishiri ake watsa wa titi lokacin sanyi, shi kuwa gishiri cin ƙarfe yake daga ƙasa inda ido ba ya gani. A E34, wato M5 da Alpina, a duba wajen sa jak da ƙasan ƙofofi da bakin tankin mai, a W124 a duba wajen jak da inda ƙafafun baya suka kama bodi. Shi ya sa za ka ga ana neman 500E da aka dawo da ita daga Japan, can aka sayar da su da yawa kuma ƙasansu yakan zo da tsabta, sai dai sau da yawa takardun tarihin gyara ba sa biyo su, ga robobi da suka bushe saboda zaman cunkoso. Mota mai kilomita 200,000 da fayil cike da rasit ta fi mini mai 80,000 da ba wanda ya san inda ta kwana shekara goma.

Wani abin da ya shafi abokin nawa kai tsaye, duk huɗun yanzu sun haura shekara 30, don haka a Jamus suna iya samun lambar da ke ƙarewa da H ta motocin tarihi, harajinta na shekara kusan yuro 192 ne komai girman inji, kuma tana shiga unguwannin da aka hana tsofaffin motoci saboda hayaƙi. Sharaɗin shi ne motar ta kasance yadda take a asali, wanda ya sa mata wili na zamani da allon talabijin a dashbod ya ɓata wa kansa. Ya tambaye ni ko in ya tashi dawowa gida zai iya tahowa da ita, na ce masa wannan sai ya fara zama da kwastam don akwai dokar shekarun motar da ake shigowa da ita, sannan ya tuna da zafin watan Afrilu da irin man da zai samu. In har ta kai ga haka, 500E ce kaɗai zan iya kwana da ita a Kano, don rabin jikinta V-boot ce, bakanikenmu sun san ƙafarta da ƙofarta da giyarta kamar yunwar cikinsu, abin da ya shafi gama-gari ana iya lalubo shi a Ƙofar Ruwa ko Panteka, injin ne dai sai a samu wanda ya san V8 na Mercedes na wancan zamani. S38 ko Bi-Turbo kuwa ranar da suka yi tari sai dai ka yi ta aika saƙo Turai kana jira.

Da ya matsa mini sai na faɗi guda ɗaya, na ce 500E. Na san masu BMW za su ce na zaɓi motar tsofaffi mai otomatik, kuma ban musa ba, a hanya mai lanƙwasa M5 za ta ba ka daɗin da Marsandi ba za ta ba ka ba, Alpina kuma ta fi ta ƙaranci sau ashirin. Amma shi mutum ne mai albashi, mota ɗaya zai saya, gareji ɗaya yake haya, yana da mata da yara biyu da za su cika kujeru huɗun nan cif, kuma yana zaune 'yan kilomitoci daga inda aka haɗa ta. Da yana da wata motar wasan a gefe da kuɗin da ba zai yi kuka ba in sun kwanta, da Alpina zan tura shi ya jira ko shekara nawa ne. Da kuma shi kaɗai ne ba iyali, M5 3.6 mai rasit ɗin saita bawul.

Ranar Asabar mai zuwa zai je ganin wata ta 1992 a wani ƙauye, mai ita tsoho ne wai tun 1999 take hannunsa. Na ce ya gaya masa kar ya tayar da ita kafin ya iso don a ji yadda take kamawa da sanyi, ya tafi da tocila da ɗan maganaɗisu na gwada inda aka cike da fila, ya sa a ɗaga ta a kan lif, kuma ya turo mini hoton lambar shasi da na 'yar takardar nan ta jikin wayarin kafin ya buɗe baki ya yi maganar kuɗi.